Musa Ɗanƙwairo: Makaɗin Da Har Gobe Ake Cin Abinci Da Waƙoƙinsa

Yawancin masu ɗora waƙoƙin Ɗanƙwairo a TikTok, suna naɗa rawani suna tafiyar ƙasaita, ba a haife su ba lokacin da ya bar duniya. Ni ma ban riske shi ba. Shi ya sa yau na ce bari mu ɗan ajiye zancen sababbin finafinai, in ba ku labarin mutumin da muke jin muryarsa kullum.

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo wajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin jihar Zamfara ta yanzu. A gida ya tarar da kiɗi. Mahaifinsa Usman Ɗanƙwande makaɗi ne da ya yi kiɗin noma, kafin ya zama makaɗin fadar Maradun, garin da sunan Musa ya manne da shi har abada. Laƙabin Ɗanƙwairo ma a cikin ƙungiyar mahaifin nasa ya samo shi. Akwai wani mai zaƙin murya a cikinsu da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Ka ga ke nan tun daga suna, da kwaikwayon wani ya fara.

Kuma bai yi saurin zama shugaba ba. Bayan mahaifinsu, yayansa Abdu Kurna ne ya riƙe ƙungiyar, Musa yana daudun kiɗi, wato na biyu a gidan. Shekaru ya kwashe yana amshi a bayan wani. Duk lokacin da na ji yaro ya shiga situdiyo sau uku ya fara kiran kansa sarkin waƙa, wannan nake tunawa.

Abin da ya fito da shi duniya shi ne haɗuwarsa da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan jihar Arewa. Zamanin siyasar Jamhuriya ta Farko ne, kowace jam'iyya na neman bakin da zai kai saƙonta ƙauye, ga rediyo ya fara shiga gidaje. Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna suka zagaye Arewa, har yau kuma in aka zo tunawa da 15 ga Janairun 1966, ranar da sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, da wuya gidan rediyo ya wuni bai sa muryar Ɗanƙwairo ba. Rasa ubangida irin wannan ya isa ya kashe wa makaɗi kasuwa. Shi bai tsaya ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, da sarakuna da hakimai da dama, har tsufansa.

To mene ne sirrin? A ganina amshi ne. Kotso ne abin kiɗinsa, amma ku saurara da kyau, za ku ji ba shi kaɗai ke ɗauke da waƙar ba. Zai jefa rabin magana, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani sa'in su ƙara nasu a kai, muryoyi na hawa kan juna ba tare da an yi karo ba, sannan kowa ya dawo gindin waƙa lokaci guda. Ga sanƙira a gefe yana kirari. A ciki akwai zuga, akwai tarihin gidan sarauta, akwai habaici da zambo ga ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, wanda in ba ka san rikicin garin ba sai ka ɗauka da kura ko biri yake. Duk cikin Sakkwatanci tsantsa, irin wanda mu 'yan Kabi ba ma buƙatar a fassara mana.

Kwanakin baya na je wani biki a Birnin Kebbi, aka kawo wasu makaɗa da sana'arsu ke nan, hawa waƙoƙin Ɗanƙwairo. Babu janareto, babu piyano, kotsuna ne da makogwaro. Wallahi da suka ɗauko gindin waƙar farko sai da tsigar jikina ta tashi. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda tun da aka fara biki bai ce uffan ba, sai ga shi yana bin baitin da baki yana kaɗa kai, ya tashi ya je ya yi liƙi ya dawo. Samari kuwa kowa ya ɗaga waya.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da aka kai tsakiya, sai jagoran ya cire sunan sarkin da aka yi wa waƙar ya saka na uban ango, kirarin mai gari guda aka jibga wa ɗan kasuwa. Kuɗi kam sun zuba. Amma waƙar ta koma kamar babbar riga a jikin yaro, domin kakannin da ake lissafawa a cikinta ba nasa ba ne, abokan gabar da ake yi wa zambo ma bai san su ba. Da na yi ƙorafi wani abokina ya ce, to da me kake so su ci abinci? Fada ba ta ba da doki da riga da damman hatsi kamar da. Ban iya ba shi amsa ba, amma har yanzu na fi son a bar wa kowace waƙa mai ita, a yi wa uban ango tasa daban.

A Turai irin wannan sana'a ce mai zaman kanta. Akwai ƙungiyoyin da ba su da aiki sai rera waƙoƙin The Beatles ko Queen, har tufafi da aski suke kwaikwaya, mutane su sayi tikiti su cika zaure. Namu ya fi kama da na gidan Fela Kuti, inda ɗansa Seun ya karɓi ƙungiyar Egypt 80 bayan rasuwar uban a 1997. Gado ne. A nan Kabi ma mun ga haka a gidan Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi kiɗi a fadar Argungu, ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗauka ya yi suna daga Yawuri. Matsalar ita ce amshi irin na Ɗanƙwairo ba a koyonsa daga waya. Sai mutum shida ko bakwai sun shekara da shekaru suna yawo tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi.

Ɗanƙwairo ya rasu a watan Satumban 1991, 'yan makonni bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato a ranar 27 ga Agusta. Zamfara kuwa sai 1996 aka ƙirƙiro ta. Wato kusan duk rayuwarsa, Maradun da Argungu da Birnin Kebbi ƙarƙashin gwamnati ɗaya suke, kuma gulbin da ya ratsa ƙasar Maradun shi ne ke haɗuwa da Rima ya gangaro ta Argungu. Saboda haka in 'yan Zamfara suka ce nasu ne su kaɗai, ni dai ban yarda ba. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa ne suka ci gaba da riƙe kotsunan gidan. Allah Ya jiƙan Alhaji Musa, Ya gafarta masa.