Chari Maigumeri: sojan da aka kama a Garwa, ya zama babban samanjan rundunar da ta kama shi

Ranar 10 ga Yunin 1915 sojojin Jamus da ke tsare da Garwa suka miƙa wuya, bayan igwogin Ingila da na Faransa sun shafe kwanaki suna ruwan wuta a kan ganuwoyinsu. Masu rubuta tarihin rundunar Najeriya sun ce cikin baƙaƙen sojojin da aka kama a Garwa akwai wani saurayi mai suna Chari Maigumeri, wanda ya shiga sojan Jamus tun yana ɗan shekara 16, har ya sami lambar yabo saboda yadda ya tsaya wa Ingilishi a arewacin Kamaru. Bayan shekara biyu, a 1917, sai ga shi sanye da kakin waɗanda suka kama shi. Bai tuɓe wannan kaki ba sai 1953.

Sunansa kaɗai ya isa ya nuna inda ya fito. Magumeri gari ne a ƙasar Borno, kuma a wancan zamani mutumin Borno ba ya ganin Dikwa ko Mora ko Kolofata a matsayin wata ƙasa dabam. Turawa ne suka ja layi a takarda, Dikwa ta faɗa hannun Jamus, Maiduguri ta faɗa hannun Ingila. Saurayin da ke neman albashi da tufa da bindiga yakan nufi barikin da ya fi kusa da shi ne kawai. Don haka a yaƙin 1914 ba abin mamaki ba ne ka ga Babarbare ko Bahaushe yana harbi daga ramin Jamus, ɗan garinsu yana mayar masa daga ramin Ingila.

Mutanen Mayo-Sava sun san wannan yaƙi fiye da kowa, domin a ƙofar gidansu aka yi shi. A watan Agustan 1914 wata ƙungiyar sojan Ingila ta taso daga Maiduguri ta nufi Mora, inda Kyaftin Ernst von Raben ya kwashe mutanensa ya haye dutse. Wata ƙungiyar kuma ta taso daga Yola ta auka wa Garwa a ƙarshen watan, aka kore ta da mummunar asara, kwamandanta Laftanar Kanar Maclear ya mutu a wurin. Sai a shekara ta gaba Janar Cunliffe da Kanar Brisset na Faransa suka ci garin. Dutsen Mora kuwa ya gagara har 18 ga Fabrairun 1916, lokacin da sauran sojojin Jamus na Kamaru sun riga sun tsallaka zuwa yankin Sifaniya a kudu. Kafin von Raben ya sauko sai da ya nemi a biya sojojinsa baƙaƙe albashinsu, a bar su su koma gida, kuma aka yi masa hakan.

Rundunar da Maigumeri ya shiga ita ma haɗe-haɗe ce. Tushenta yana Ikko, inda a 1863 wani hafsan jiragen ruwa, John Glover, ya tara 'yan Arewa kaɗan, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya ba su bindiga. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga cikin irinsu aka ɗebi waɗanda suka kafa rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma wasu zuriyar zango a can daga nan suka samo asali. Kamfanin Neja yana da nasa 'yan bindigar, gwamnatin bakin teku tana da nata. A 1897 aka ba Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, ta haɗiye waɗancan ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Janairun 1914, ranar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama Rundunar Najeriya mai bataliya biyar. A 1928 Sarkin Ingila ya ƙara wa WAFF laƙabin sarauta.

Duk wannan sauyin suna a ofis ake yin sa. A filin fareti abin da bai sauya ba shi ne harshe. Kurtu ko Babarbare ne, ko Bafillace, ko Bazabarme, ko ɗan Tibi, da Hausa ake horar da shi, kuma Baturen hafsa da aka turo daga wata rundunar Ingila ko ta Sikotland sai ya koyi Hausa in yana son a ji maganarsa. Hafsan yakan yi 'yan shekaru ya koma gida. Wanda ke nan daram shi ne samanja. Shi ya san wane ne ya ci bashi, wane ne matarsa ta yi yaji, wane ne zai tsaya in wuta ta yi wuta. Wannan muƙami na babban samanjan bataliya ta uku Maigumeri ya riƙe fiye da shekara ashirin, kuma a ganina nan ne girmansa yake, fiye da lambobin da ke ƙirjinsa. Bataliya takan ga kwamandoji da yawa sun zo sun wuce, mutum ɗaya ne ke riƙe da al'adarta.

Da yaƙin Hitila ya ɓarke, bataliyarsa tana cikin birged ɗin Najeriya da aka kai Gabashin Afirka don yaƙar Italiya. Su ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka bi ta sahara zuwa Harar a ƙasar Habasha cikin watan Maris. A wannan yaƙi Maigumeri ya sami lambar jarumta ta sojan Ingila. Daga baya aka kai shi yaƙin Bama, wato Bama ta Asiya inda aka kara da Japan, ba Bama ta Borno da ke maƙwabtaka da mu ba. A 1944 aka ƙara masa lambar Daular Birtaniya. A wannan shekarar ce bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka shiga dajin Bama a bayan layin Japan tare da sojojin Sikotland na rundunar Black Watch, rundunar da tun a yaƙin Asante na 1874 ta taɓa fita fage ɗaya da sojojin Hausa.

Sai dai akwai rufin da ba ya huduwa. Komai daɗewar baƙin soja, komai lambobinsa, ƙaramin laftanan da ya sauko daga jirgi jiya yana gaba da shi, shi zai sara masa. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Najeriya muƙamin hafsa. Maigumeri ya je Landan a 1953 bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, a shekarar ya yi ritaya bayan shekara 36, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Girma ne, ba shakka, amma girman da aka miƙa wa mutum yana bakin ƙofar fita. A shekarar ce kuma wani ɗan ƙasar Borno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da muƙamin da Maigumeri bai taɓa samun damar nema ba.

Rundunar ba ta daɗe da sunanta a bayansa ba. A 1956, da Sarauniya ta ziyarci Najeriya, aka raɗa mata sunan Sarauniya, a 1960 WAFF ta watse, kowace ƙasa ta ɗauki nata kason. Su ma iyayen gidan ba su tsira ba. A 1968 rundunar Cameronians ta Sikotland, wadda sunanta ba shi da alaƙa da Kamaru, ta zaɓi a rushe ta da a haɗa ta da wata. A Maris ɗin 2006 aka narkar da rundunonin ƙasa shida na Sikotland cikin guda ɗaya, Black Watch ta koma bataliya ta uku a ciki, duk da ƙorafin tsofaffin sojojinta.

Iyakar da yaƙin Maigumeri na farko ya haifar kuwa tana nan. Bayan an kori Jamus, Mora da Kolofata suka koma hannun Faransa, Dikwa da Bama suka koma hannun Ingila, ƙuri'ar 1961 ta bar su a Najeriya. A kan wannan layi ne Boko Haram ta kai wa sansanin sojan Kolofata hari a Janairun 2015, kuma a Mora, ƙarƙashin dutsen von Raben, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi ta kafa hedikwatar sashenta na Kamaru. A Najeriya, barikin soja na Lokoja, garin da WAFF ta yi ƙuruciyarta, yana ɗauke da sunan Chari Maigumeri har yau.