Félix Houphouët-Boigny: Manomin da Ya Kawar da Aikin Tilas

An haifi Félix Houphouët-Boigny a Yamusukuro, ƙasar Kodibuwa, a 1905. Ya yi karatun likitanci a Dakar, ya yi aikin asibiti, kafin ya koma gida ya gaji sarautar kanton Akuwe tare da gonakin koko da kofi na danginsa.

A gona ya ga zaluncin da ya kai shi siyasa. Gwamnatin mulkin mallaka tana kwasar talakawa ta kai wa Turawa masu gandaye, amfanin gonar baƙar fata kuwa a saye shi da araha. A 1944 ya jagoranci kafa ƙungiyar manoman Afirka, ita kuma ta tsaya masa har ya shiga majalisar Faransa a 1945. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunansa, ta soke aikin tilas a duk ƙasashen da Faransa ta mallaka. Albarkarta ta kai ga manoman Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, waɗanda aka daina ɗauke su daga gonakinsu.

A Oktoban shekarar aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako ƙarƙashin jagorancinsa, PPN ta Diori Hamani ta zama reshenta a Nijar.

Ya shugabanci Kodibuwa daga 1960, ya mayar da ita kan gaba a duniya wajen noman koko. Sai dai da farashi ya faɗi, dole ta sa a 1989 ya zaftare rabin kuɗin da ake biyan manoman da suka ɗaga shi. Ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, yana kan mulki.