Yohanas Keplar, mutumin da ya gane haske yana tura abu

An haifi Yohanas Keplar ran 27 ga watan Disamba na shekarar 1571, a wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus. Ubansa sojan haya ne. Wata rana uban ya tafi yaƙi, bai sake dawowa ba. Ciwon agana ya kama yaron, ya bar shi da raunin ido da na hannu. Aikin ƙarfi ya gagare shi, amma Allah ya ba shi kaifin hankali.

A shekarar 1577 wata babbar tauraruwa mai wutsiya ta fito. Uwarsa Katarina ta hau da shi kan tudu da dare, ta nuna masa ita. Har ya tsufa bai manta da wannan dare ba.

Da ya girma sai ya shiga jami'ar Tubingen. A can malaminsa ya koya masa cewa ƙasa ce take kewaya rana. A 1594 ya fara koyar da lissafi a garin Garaz. Bayan shekara shida aka kore shi saboda rikicin addini. Sai ya tafi birnin Prag wurin Taiko Barahe, wani mashahurin masanin taurari. Da Taiko ya rasu a 1601, Keplar ya gaje shi, ya zama mai lissafin sarki. Ya yi shekaru yana bin lissafin da Taiko ya bari. A 1609 ya nuna cewa hanyar da duniyoyi suke bi wajen kewaya rana da'ira ce mai ɗan tsawo, kusan siffar ƙwai.

A 1607 Keplar ya sake ganin wata tauraruwa mai wutsiya, ya yi ta binta dare da dare. Masana sun riga sun lura cewa kullum wutsiyar irin wannan tauraruwa tana juya wa rana baya. Idan ta nufi rana, wutsiyar tana bayanta. Idan tana komawa, wutsiyar tana gabanta. Keplar ya nemi dalili. A littafinsa na 1619 ya bayyana cewa hasken rana ne yake tura ƙurar tauraruwar.

A nan Dakoro, idan iskar hunturu ta taso, kuna ganin yadda take kumbura zanen da aka shanya. Haka masu jiragen ruwa na zamanin Keplar suke yi. Suna ɗaura babban ƙyalle a kan dogon itace, iska ta tura jirgin. A wasiƙar da ya rubuta wa Galile a 1610, Keplar ya yi tunanin wata rana za a ƙera jirage masu irin wannan ƙyalle, mutane su shiga sararin samaniya da su.

Keplar ya sha wuya. A 1611 ɗansa da matarsa suka rasu. Daga baya aka zargi uwarsa da maita, aka kulle ta fiye da shekara guda. Ya bar aikinsa ya je ya tsaya mata a gaban alƙalai, har aka sake ta a 1621. Sarakuna kuma ba sa biyansa albashi a kan kari. Yana kan hanyar neman haƙƙinsa zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a garin Ragensbur ran 15 ga watan Nuwamba na 1630. Yaƙi ya rushe maƙabartar, kabarinsa ya ɓace.

Maganarsa kuwa ba ta ɓace ba. Wajen shekarar 1900 wani masani ɗan Rasha, Lebedef, ya auna turin haske a ɗakin gwaji. Turin kaɗan ne ƙwarai. A fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya, bai kai nauyin sukari kilo ɗaya ba. Amma can sama babu iskar da za ta tare jirgi, rana kuma ba ta faɗuwa. Saboda haka gudun jirgin yana ƙaruwa kullum, ba tare da an ƙona mai ba. Sannu ba ta hana zuwa.

A 2010 ƙasar Japan ta harba kumbo mai suna IKAROS. Ya buɗe ƙyalle mai ƙyalli kamar madubi, mita 14 kowane gefe, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Hasken rana ya tura shi, ya wuce kusa da tauraruwar Zara a ƙarshen wannan shekara. Shekara 400 ke nan daidai bayan wasiƙar Keplar.

Tambayoyi

1. Me Katarina ta nuna wa ɗanta a 1577?
2. Ina wutsiyar tauraruwa take fuskanta? Don me?
3. Me ya sa ƙaramin turi yake isar jirgi a sararin samaniya?
4. Keplar yana da shekara nawa ya rasu?