Likita Mila Na Zazzau

Jama'a, sau da yawa akan tambaya ko mene ne aikin masu addini in masifa ta auka wa mutane. Ga labarin wani Kirista wanda ya amsa tambayar da aikinsa.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, a Ingila cikin 1872. Da ya gama koyon likitanci a Landan sai ya shiga mishan ta C.M.S., ya tafi Tarabulus don ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke can. Cikin 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell har Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Suka koma Girku, inda ɗayansu ya rasu. Wani da ya juya daga nan. Shi kuwa cikin 1905 sai ga shi ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

To, ciwo iri biyu ya tarar, na jiki da na zalunci. Na jiki ya sa masa magani, bai tambayi majiyyaci addininsa ba. Na zalunci kuwa ya sa masa alƙalami. Ya yi ta kai kukan talakawa ga Turawan mulki, waɗanda suka fi son ya yi shiru, har ƙararrakinsa suka shiga cikin dalilan da aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, aka kai shi Lakwaja. Wannan al'amari ya raba kan mutane: waɗansu suka yaba, waɗansu suka ga baƙo ya wuce gona da iri.

Amma babbar jarrabawarsa a Gimi take. Cikin 1913 waɗansu Isawa, wato zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano, suka zo wurinsa neman ilmi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka gina makaranta. Ashe ƙudan tsando na wurin. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa musu, ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ga likita, ga shi maganin zamanin bai isa ba. Ƙauyen ya watse. Mishan ba ta yar da waɗanda suka tsira ba, ta kwaso su da marayunsu zuwa Zariya, ta ci gaba da koyar da su.

Cikin 1929 mishan ta koma Wusasa, inda asibitinta ya kahu. Daga wannan jama'a aka sami Likita Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, da Ishaya Audu, ɗan Isawa, shi ma likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Mila kuma shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa, wadda ta fito cikin 1932. Ya rasu a Bukuru cikin 1952.

Kun ji, 'yan'uwa. Bai iya hana mutuwa a Gimi ba, amma bai gudu ya bar marayu ba. Mu da za mu fita koyarwa cikin ƙauyuka, ko wane addini muke bi, sai mu riƙe wannan.