Marigayiya Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen Da Ke Bayan Naira Ashirin

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Naira ashirin ta leda, wadda aka fitar a shekara ta 2007, ya san fuskar marigayi Janar Murtala Muhammed da ke gabanta. To amma mu nawa ne muka taɓa juya ta muka tambayi ko wace ce matar nan da ta duƙufa kan tukunya a bayanta? Ita ce Ladi Kwali.

An haife ta wajen shekara ta 1925 a Kwali, wani ƙaramin gari na ƙasar Gwari, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya, gaba da Gwagwalada a kan hanyar Lakwaja. A ƙasar, ginin tukwane aikin mata ne. Su ne ke haƙo yumɓu, su kwaɓa, su gina tulu da randa da tukunyar girki, su gasa a fili da itace da ciyawa, sa'an nan su ɗauko a kafaɗa zuwa kasuwa, kamar yadda matan Gwari suka saba ɗaukar kaya. Ladi ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Babu inji a wannan gini. Maginiya takan mulmula yumɓu ta riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, tana kewaya tukunyar da ƙafa, tana lailaya ta ciki da waje har ta tashi daidai. Ladi kuwa takan ƙawata nata da zanen kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsu.

A wancan zamani Kwali tana ƙarƙashin masarautar Abuja, watau garin da ake kira Suleja yanzu. Hausawan Zazzau ne da suka baro Zariya bayan jihadi suka kafa garin a 1828 a tsakiyar ƙasar Gwari, ƙarƙashin Abu Ja. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi, bai raina su ba don na 'yar ƙauye ne, ya saya ya adana a fadarsa. A nan ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew, gwanin ginin tukwane da gwamnati ta ɗauka aiki, ya gan su a 1950. Ba a jima ba ya kafa makarantar koyar da ginin tukwane a Abuja, kuma a 1954 Ladi ta shiga. Ita ce mace ta farko a wurin, a tsakiyar maza.

A makarantar ta koyi gini da faifai mai juyawa, tana yin farantai da kofuna da butoci. Amma fa ba ta yar da ginin gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, irin na Kwali, sai dai yanzu ana cike zanen da farar ƙasa, a shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su cikin tanderu mai tsananin zafi. Ga wani abin lura a nan. Abin da ke sa ruwan randa sanyi shi ne tsatsafowar da yake yi ta jikinta, iska na bugawa. Da aka toshe jikin da ƙyalli, sai tulun ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa. Ke nan ya tashi daga kayan tsakar gida ya koma kayan ado, masu kuɗi na nemansa.

Daga nan sai duniya ta san ta. An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta zagaya Ingila da Faransa da Jamus tana gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta je Amurka tare da Cardew. Turawa suka riƙa cika ɗaki don kallon yadda take tayar da ƙaton tulu da hannu kawai. An ba ta lambar MBE ta Ingila, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa, a 1980 ta samu lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa masana, a 1981 kuma lambar OON. Kai, matar da ba ta taɓa zama a aji ba, ga ta an sa mata rigar dakta! Ta rasu ranar 12 ga watan Agusta, 1984, a Minna. An sa wa makarantar Suleja sunanta, haka kuma wani titi a Abuja.

To, abin da ya sa muka kawo tarihinta shi ne, mun ga randa tana ɓacewa daga gidajenmu, roba da firji sun maye gurbinta, yaranmu kuma suna kallon aikin hannu kamar aikin wanda ya rasa abin yi. Har ila yau, kada mu ɓoye wa kanmu, akwai raini a yadda wasunmu ke ambaton sunan Bagwari. Sarki Sulaimanu Barau bai yi haka ba. Jikan baƙi ne a ƙasar, ya ga gwaninta a hannun masu masauki, ya girmama ta. Da ya kau da kai, da wataƙila sunan Ladi bai wuce kasuwar Kwali ba.

Saboda haka in Naira ashirin ta shigo hannunmu, mu juya ta mu nuna wa yara, mu gaya musu sunan matar da sunan garinsu. Allah Ya sa mu dace, amin.