August Hofmann: Masanin da sinadarinsa ya taimaka wajen gano aikin jijiyoyi bayan mutuwarsa

A ɗakunan binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na duniya akwai wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da TEA. Wanda ya fara haɗa shi, Bajamushe August Wilhelm von Hofmann, ya bar duniya ba tare da ya san amfanin da zai yi wa wannan fanni ba.

An haifi Hofmann ranar 8 ga Afrilu, 1818, a garin Giessen da ke Jamus. Ya shiga jami'ar garin da niyyar karatun shari'a da harsuna, amma darussan Justus von Liebig suka ja hankalinsa zuwa kimiyyar sinadarai. Ya sami digirin digirgir a 1841, ya kuma duƙufa kan nazarin sinadaran da ke cikin kwaltar da ake samu daga kwal.

A 1845, da goyon bayan Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, aka naɗa shi shugaban farko na sabuwar Kwalejin Sarauta ta Kimiyyar Sinadarai a Landan. Ya shafe shekara 20 a Ingila. A can ne ɗalibinsa William Perkin ya gano rini mai launin shunayya a 1856, abin da ya zama tushen masana'antar rinin zamani.

A Landan ɗin ne kuma Hofmann ya binciki amoniya, wadda ƙwayarta ta ƙunshi naitirojin ɗaya da haidurojin uku. Ya riƙa maye gurbin haidurojin ɗin ɗaya bayan ɗaya da wani rukunin sinadari mai suna etil, domin fahimtar yadda ƙwayoyin ke haɗuwa. A 1851 ya yi nasarar ɗaura etil huɗu a kan naitirojin guda, kuma wannan shi ne TEA.

Ya koma Jamus a 1865 a matsayin farfesa a Jami'ar Berlin, ya kasance cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Jamus a 1867. Ya mutu a Berlin ranar 5 ga Mayu, 1892.

Sai bayan shekara 60 da mutuwarsa, a 1952, Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka bayyana yadda jijiya ke isar da saƙo: sodiyam ya kwarara cikin ƙwayar jijiya, sannan fotasiyam ya fita domin ta koma yadda take. Matsalar ita ce kwararar biyun suna haɗuwa a lokacin awo, kuma raba su yana da wuya.

A nan ne TEA ya yi rana, domin yana toshe ƙofofin da fotasiyam ke bi, ya bar na sodiyam a buɗe. A 1957 Ichiji Tasaki da Susumu Hagiwara suka zuba shi cikin babbar jijiyar wata dabbar teku mai suna sukwid, suka ga saƙon lantarkin jijiyar ya daɗe fiye da yadda aka saba. Daga bisani Clay Armstrong ya yi amfani da TEA da danginsa wajen nuna cewa ƙofar fotasiyam rami ce mai faffaɗan baki ta ciki, tun kafin a iya ganin siffarta.

Har yau masu binciken jijiyoyi suna amfani da TEA idan suna son rufe ƙofar fotasiyam domin auna aikin sauran ƙofofin.