Marigayi Likita Walter Miller (1872 zuwa 1952): Darasin Garin Gimi

A wannan biki na cika shekara hamsin, ya dace mu tuna da bawan Allah, Likita Walter Miller. An haife shi a Ingila a 1872, ya koyi aikin likita, ya shiga mishan ta CMS. A 1900 ya iso Kano tare da Bishof Tugwell, amma Sarki Aliyu bai ba su izinin zama ba. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, yana magani, yana koyar da yara, yana fassara. Yana cikin waɗanda suka sha wahalar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932.

Shekara da shekaru yana shuka, girbi kaɗan. Wanda ya ba da gaskiya shi kaɗai yakan rasa dangi, ya rasa gona, ya rasa mai ba shi aure. Sai a 1913 waɗansu Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, mutanensa suka watsu har ƙasar Ningi. Likita ya ga ba wa'azi kaɗai suke bukata ba, suna bukatar juna. Aka tara su a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka yi gonaki da makaranta da majami'a, Rabaran Thompson yana kiwonsu.

Bayan 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa wa garin, mutane da yawa suka rasu, Gimi ta zama kufai. Amma ba a yar da marayu ba. Aka kai su Zariya, aka goye su, aka karantar da su. A 1929 mishan ta koma Wusasa, daga nan kuwa aka sami malamai da likitoci da pastoci. Likita ya huta a 1952, a ƙasar Filato.

'Yan'uwa, mu mutanen Rano da Kibiya mun gaji gandu da gayya tun kakanni. Sabon tuba da danginsa suka janye masa hannu, wa zai taya shi noma a damina? Gwauruwa da rumbunta ya ƙare kafin kaka, wa zai auna mata hatsi? Mu ne danginsu. Ubangiji ya ba mu alherin riƙe juna. Amin.